Tarihin rayuwata, kashi na 7: ƙishirwa

Salamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri satin da ya wuce rezo ya hana ni. Mun tsaya inda na farka bayan tiyata a Yamai, bayan doguwar tahiya daga Tawa ta Konni da Doso cikin ambilans ina ta aman kore.

Ashe taifot ce ta huda min hanji. Likita ya yanke inda ya ruɓe, ya hiddo bakin hanjin a gehen cibiya aka liƙa min leda, nan bayan gida ke zuba. Bayan gidan ma dai suna ne, ruwa ne tsululu, a zubar ta cika a zubar ta cika, anfirme na aunawa yana rubutawa har fitsarina bai bari ba. Abinci kuwa ta jijiyar wuya yake shiga, wata leda fara kamar nono, mai suga da mai da gishirin jiki, ga sorom a hannu, kuɗinta kam kar ku tambaya, yayana sai da ya saida rago biyu.

Amma wallahi abin da ya fi ci min rai ƙishirwa. Da aka fara bari in sa abu a baki sai aka ce ban da ruwan pampo zalla, sai SRO, garin gishiri da suga da ake damawa ma masu zawo, ƙunshi guda cikin lita 1, ina kurɓa kaɗan kaɗan. Inna ta kasa gane wannan, da dare ta miƙo min moɗa a ɓoye, "sha ɗana, wa ya taɓa mutuwa don ruwa", ni ko na shanye tas. Kafin asuba leda ta cika har sau uku, kaina na juyawa.

Da safe majo, babbar anfirme, ta duba takarda ta dube mu, ba ta yi faɗa ba. Ta ce "Inna, hanjinshi ya gajarta, ruwa marar gishiri in ya shiga gishirin jikinshi yake jawowa su hita tare, shi ya sa ƙishirwar ke ƙaruwa." Ta ƙara min loperamid, maganin rage zawo, kafin cin abinci, ta ce shinkafa da ƙwai da gishiri, loma kaɗan amma sau da yawa, ban da lemun kwalba.

Inna ta ɓoye moɗar cikin zanenta ba ta ce uffan ba. Sati mai zuwa in Allah ya kai mu, ranar da jijiyar wuyan ta kawo min zazzaɓi.