Daga Kartum zuwa Mai Wurno, Wajen Danginmu na Gabas

Tun ina yaro a Sakkwato nake jin tsofaffin gidanmu suna cewa muna da dangi a gabas. Ƙanen kakan mahaifina ne ya bi ayarin Sarkin Musulmi Attahiru lokacin da Nasara suka ci garin a 1903, bai sake waiwayo gida ba. Sai a watan Disamban 2022 Allah ya nufa na taka ƙasar Sudan domin in gana da zuriyarsa, wata huɗu kafin yaƙin da ya ɗaiɗaita ƙasar ya ɓarke.

Wani saurayi cikin dangin ne ya tarye ni a Kartum, ɗalibin jami'a, Hausarsa cakuɗe da Larabci, yana ce mini Yaya. Daren farko ya kai ni cin agashe, wato tsiren da mutanenmu suka koya wa Sudan har ya zama abincin kowa. A hanya nake ta kallon bangaye: fuskokin matasan da aka kashe a zanga-zanga, ga kalmomi uku a ƙarƙashinsu, hurriya, salam, adala. 'Yanci, zaman lafiya, adalci. Ya ce da shi aka yi zaman dirshan a ƙofar hedikwatar soja a watan Afrilun 2019, lokacin da aka tumɓuke Umar al-Bashir. “Wallahi Yaya, a filin nan ba wanda ya tambaye ni ƙabilata. Kwano ɗaya muke ci. Har waƙa muke yi cewa duk ƙasar Darfur ce.” Yana faɗa idonsa na ƙyalli, ni kuwa na gaskata shi. Sau uku talakawan Sudan suna kayar da mulkin soja ba da bindiga ba: 1964, 1985, da 2019. Ko da soja suka sake ƙwace mulki ranar 25 ga Oktoban 2021, matasa ba su bar titi ba. Mutanen da suka yi haka sun cancanci a girmama su.

Kwana biyu muka kama hanyar kudu. Mun hau babbar bas a tashar Mina al-Barri, muka bi titin Wad Madani, kogin Shuɗin Nilu yana hagunmu. A wani shingen bincike aka hau duba takardu. Jami'in ya buɗe fasfona na Najeriya, ya ga biza, ya miƙo mini har da marhaban. Da ya zo kan ƙanen nawa, ya karɓi katinsa na ɗan ƙasa, ya juya shi gaba da baya, ya dubi sunan kakansa, ya ce, “Amma asalinka daga ina?” Yaron ya ce Mai Wurno. Ya ce, “Kafin Mai Wurno fa?” Aka ɗan yi shiru a motar. Daga baya ya mayar masa da katin, muka wuce. Har muka isa Madani bai ce uffan ba, ni ma kunya da baƙin ciki suka hana ni buɗe baki. Ni baƙon kwana uku an sallame ni cikin mutunci, shi da aka binne kakanninsa a ƙasar ana neman ya faɗi inda ya fito.

Ta taga kuwa Jazira ce shimfiɗe, iyakar ganinka gonaki da magudanan ruwa miƙaƙƙu kamar an ja su da zare. Turawan Ingila ne suka buɗe wannan gandu a 1925, bayan gama madatsar ruwa ta Sinnar, domin audugar da masaƙunsu ke buƙata. Audugar tana son hannu, hannun kuwa da yawansa na mutanenmu ne da mutanen Darfur: maniyyata da suka taso a ƙasa za su Makka, guzuri ya ƙare, suka tsaya ƙwadago, shekara ta zama goma, goma ta zama zuriya. A gefen magudanan na riƙa hango wasu 'yan ƙauyuka na ɗakunan laka da bukkoki, a matse, ba turakun lantarki. Ana ce musu kambo, jam'insu kanabi. Nan jikokin 'yan ƙwadagon suke zaune, yawancinsu ba su da hawasha, wato gonar da ake yanka wa manomi a gandun, kuma filin da suka kafa bukka a kai ba a rubuta shi da sunansu ba. Na ga yara suna ɗibar ruwa a magudanar da jakuna ke sha. Can gaba kaɗan ga ƙauye mai tankin ruwa da makaranta.

La'asar sakaliya muka wuce Sinnar, muka isa Mai Wurno, 'yar tafiya kaɗan kudu da ita a bakin kogi. Garin ya ci sunan Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya ja ragowar muhajirai zuwa nan bayan an kashe mahaifinsa a Burmi cikin watan Yulin 1903. Har yau da sarkinsu. Fulatanci, Hausa da Larabci duk ana yi, wani lokaci a jimla guda. Tsohon gidan, wanda kowa ke kira Baffa, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. “Sannu da hanya, ɗana. Yaya ka baro Hubbare?” Shi bai taɓa ganin Sakkwato ba, amma Hubbaren Shehu ya fara tambaya. Aka kawo fura, aka kawo gahawa mai citta da suke kira jabana.

Bayan sallar isha na ba shi labarin shinge. Bai yi mamaki ba. Ya sa aka ɗauko masa wata tsohuwar adakar ƙarfe, ya zazzage takardu a kan tabarma: rasiɗan haraji na mahaifinsa, takardar makaranta, da tsohuwar jinsiyyarsa, wato shaidar zama ɗan ƙasa, wadda ya ce sai da ya yi ta sintiri da shaidu kafin ya samu. Shi ya warware mini tushen abin. Dokar da Turawa suka yi a 1948, wadda gwamnatin 'yanci ta ɗora a kanta a 1957, cewa ta yi ɗan Sudan shi ne wanda kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897. “To ka gani, ɗana. Nasara ya koro mu daga gida a 1903, muka iso nan, shi kuma ya ja layi a bayanmu ya ce mun makara.” An sassauta dokar daga baya, in ji shi, amma abin da ta shuka a zukata ya riga ya yi saiwa. Fallata, sunan da ake kiran duk wanda asalinsa yamma ne, a bakin wani suna ne kawai, a bakin wani kuwa zagi.

Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a kai. An ɗaga tutar 'yanci ranar 1 ga Janairun 1956, an yi zaɓuɓɓuka, an rubuta cewa kowa daidai yake da kowa. Amma kafin ka kai ga akwatin ƙuri'a akwai ƙofa, kuma mai tsaron ƙofar sunan kakanka yake tambaya.

Washegari Inna, matar Baffa, ta kai ni bayan gida inda aka sauki wata mata da 'ya'yanta huɗu. Daga Wad al-Mahi suka gudo, a jihar Shuɗin Nilu. A watan Yulin shekarar rikici ya tashi a yankin Rusairis da Damazin, bayan Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, wasu ƙabilun yankin suka ce sarauta da ƙasa take tafiya, ƙasa kuwa tasu ce. Fiye da mutum 100 suka mutu. A Oktoba wutar ta sake kamawa a Wad al-Mahi, ta ci fiye da 150 cikin 'yan kwanaki. Matar ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce, “Malam, dawarmu ta kusa yanka muka baro ta.” Ta ci gaba da tsince wake.

Na so in ji haushin waɗanda suka kore ta, na kuwa ji. Sai dai Baffa ya tuna mini cewa Barta da Hamaj da sauran mutanen yankin su ma ba 'yan lele ba ne. An yi farautar kakanninsu a zamanin cinikin bayi, an gina madatsar Rusairis a ƙasarsu wutar ta tafi Kartum, an yanka manyan gonaki an bai wa masu kuɗi daga nesa. Talakawa biyu ne aka bari suna kokawa a kan ragowar tuwo. Kuma ban iya hana kaina tuna gida ba, inda yaron da aka haifa a Jos ko a Sabon Garin Kano ake hana shi takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma saboda inda kakansa ya fito. Laifi tudu ne, na daɗe ina taka namu.

Na so mu ƙara kwana biyu, amma ƙanen nawa ya matsu. Ranar 19 ga Disamba za a cika shekara huɗu da tashin juyin da ya tumɓuke al-Bashir, za a yi gagarumar muzahara a Kartum, ya ce ba za a yi babu shi ba. Na ce, “Bayan abin da aka yi maka a hanya?” Ya ce, “Yaya, in na zauna a gida, ai na yarda da maganar mutumin kenan.”

Da asuba Inna ta ƙulle mana dakakken gero da busasshiyar kuɓewa in kai Sakkwato. Baffa ya rako mu har bakin titi yana dogara sanda, ya yi mana addu'a mai tsawo, ya ce in gai da kowa da kowa, in kuma ziyarci Hubbare a madadinsa. Motar ta tsaya, mun sa ƙafa kenan, ya kira jikansa da ƙarfi: “Kai, ka dai ɗauki katinka ko?” Yaron ya dafa aljihun ƙirjinsa, ya gyaɗa kai, muka shiga.