Bazara a bayan shanun Braunvieh

Wani manomi a yankin Schwyz na ƙasar Suwizalan ya ɗauke ni aikin bazara, in taya shi kiwo da tatsa a makiyayarsa ta kan tsaunin Alps. Can ana hawa da garke a watan Yuni, ba a sauko ba sai Satumba. Shanunsa duk Original Braunvieh ne: launinsu tsakanin ƙasa-ƙasa da toka, hanci baƙi da farin zobe kewaye da shi, ƙaho gajere mai baƙin tsini, kofato baƙi mai tauri.

Kofaton nan na fara girmamawa. Gangaren da ni nake bi da rarrafe, saniya mai kilo sama da 600 takan tsaya a kai tana cin ciyawa hankali kwance. Da asuba, cikin hazo, ba ka ganinsu sam, sai dai ka bi ƙarar ƙararrawar wuyansu. Kafin bazara ta yi nisa na iya bambanta ta uwar garke da ta sauran, kuma in ka samo ta, ka samo kowa.

Da dare maigidan yakan ba ni tarihin irin, yana juya madara a ƙatuwar tukunyar tagulla ta yin cuku. Sufayen Kirista na Einsiedeln, nan kusa, sun shafe ɗaruruwan shekaru suna kiwon wannan iri. A da aiki uku saniyar take yi: madara, nama, da jan garma. A 1869 wani Ba'amurke, Henry Clark, ya kai bijimi ɗaya da shanu bakwai Massachusetts. Amurkawa suka dinga zaɓen masu yawan madara kawai, har iri ya zama Brown Swiss, dogaye, marasa tsoka, masu manyan hantsa. Daga shekarun 1960 sai aka riƙa dawo da maniyyin bijiman Amurka Suwizalan ana barbara da shi, yawancin manoma suka bi. 'Yan kaɗan suka ƙi, har aka riƙa yi musu kallon masu taurin kai. Shanunsu ne yau ake kira Original.

Da na zo, lissafina irin na kowa ne, saniyar da ta fi cika bokiti ita ce gwana. A kan tsauni lissafin ya sauya. Mai yawan madara tana son hatsi da dusa, kuma ba wanda zai hau da buhuna har can kullum. Saniyar Original kuwa ciyawa ta ishe ta, ta sauko da jikinta, maraƙinta namiji kuma ya yi tsoka, mahauci ya saye shi da daraja. Duk Bafulatanin da ya riƙe Bunaji ya ƙi shanun Turawa zai gane wannan hisabi.

Ƙahon ma sai da na koyi zama da shi. A turke ba ka ratsawa tsakanin biyu ba tare da ka yi magana ka dafa ƙugun ɗaya ba. Yawancin shanun ƙasar yanzu ba su da ƙaho, har a 2018 aka yi ƙuri'ar raba gardama kan a ba masu barin ƙaho tallafi, kuma ba ta yi nasara ba. Maigidana dai bai taɓa ƙone wa maraƙi ƙaho ba, kuma ya ce ba zai fara ba.