Abin da Koren Haske Ya Nuna Mini a Cikin Haidirojel

Haidirojel abu ne mai laushi wanda galibinsa ruwa ne, sau da yawa fiye da kashi 90 cikin 100. Masu neman gina sabon nama a ɗakin gwaje-gwaje kan dasa ƙwayoyin halittar ɗan Adam a cikinsa, su ga ko za su zauna su hayayyafa. To amma ƙwayoyin ba su da launi, jel ɗin ma haka. Shi ya sa na yi aiki da ƙwayoyin faibiroblas (masu samar da zaren da ke riƙe nama) na fatar mutum da aka sa wa GFP, furotin mai fitar da koren haske, wanda Osamu Shimomura ya gano a jikin jelifish a 1962. Da an haska su da shuɗin haske sai su yi kore shar.

Jel biyu na gwada: aljinet, wanda ake samu daga ciyawar teku kuma kalsiyam ke daskarar da shi, da kuma kolajin, furotin da ke ba fata da jijiyoyi ƙarfi. Na ajiye su a inkubeta mai zafin digiri 37, kullum ina leƙawa ta madubin konfokal, na'urar ganin ƙananan abubuwa mai amfani da hasken leza.

A cikin kolajin, ƙwayoyin suka miƙe ƙafafu kamar gizo-gizo, wannan na taɓa wancan, har suka ja jel ɗin ya tsuke. A aljinet kuwa suka dunƙule, kowace a inda aka bar ta. Haskensu bai ragu ba, amma ba su da abin kamawa, domin aljinet ba shi da gurbin da ƙwaya ke maƙalewa sai an liƙa masa sinadarin RGD, ɗan guntun furotin da ƙwaya ke iya kamawa. A ganina siffar ƙwaya ta fi ƙarfin haskenta faɗin gaskiya.

Kore ma ba shaidar rai ba ne. GFP kan ɗan jima a ƙwayar da ke mutuwa, don haka nake ƙara rinin furofidiyam ayodaid, wanda ke shiga ƙwayar da fatarta ta fashe ya mai da cibiyarta ja. Da na yi kaurin jel ɗin, jan ya fi yawa a tsakiya, inda iskar oksijin ke wahalar kaiwa.

Kolajin kansa yana ɗan ƙyalli, shi ya sa nake ɗaukar hoton jel marar ƙwaya don kwatantawa. Hasken leza kuma yana dusar da koren, yana cutar da ƙwayoyin, saboda haka nake rage ƙarfinsa in taƙaita lokacin haskawa.