Gidan Bishop Lloyd a kwali: an kai ga barandar sama

'Yan uwa masu koyon haɗa gidajen kwali, ga inda aka kwana a kan gidan Bishop Lloyd da ke lamba 41 a titin Watergate, birnin Chester na Ingila. Ma'aunin da nake bi shi ne 1:50, wato santimita ɗaya a kwali daidai take da hamsin a ainihin ginin. Hawan ƙasa ya tsayu, gam ya bushe, yanzu ina kan barandar sama, wurin da ya sa na zaɓi gidan tun farko.

Asalinsa gidaje biyu ne manne da juna, an ɗora su a kan tsofaffin ɗakunan ajiya na jan dutse, aka sake gina samansu da katako a ƙarni na 17. Shekarar 1615 na sassaƙe a fuskarsa, kuma sunan ya fito ne daga George Lloyd, bishop ɗin Chester da ya rasu a wannan shekara. Yau shaguna ne a ƙasa, ƙungiyar Chester Civic Trust, mai rajin kare tsofaffin gine-ginen birnin, kuma tana sama. Yana cikin gine-ginen da hukuma ta sa a mataki na ɗaya na kariya, wato mai shago ba shi da ikon taɓa fuskar ginin sai da izini.

Abin da ya bambanta Chester shi ne shagunan hawa biyu ne. Akwai na bakin titi, sannan ka hau matakala ka tarar da wata hanya mai rufi ta ratsa ta cikin gaban gidajen, daga wannan gida zuwa na maƙwabci, ita ma da nata shagunan; ita ce barandar da nake nufi. Tun ƙarni na 13 tsarin yake. Ga mai haɗa kwali, ma'anar wannan ita ce tsakiyar fuskar gidan fanko ce. Ɗakunan sama da rufinsu masu tsini biyu duk suna zaune ne a kan 'yan ginshiƙai, kamar rumfar kasuwa da aka ɗora wa bene.

Kwali shi kaɗai ba zai ɗauki wannan nauyi ba. Na yi ginshiƙan da tsinken tsire, uku-uku a manne, na huda daɓen na zura su har cikin hawan ƙasa don su sami gindin zama. Azarar da ke kansu kuma sandar askirim ce. Kada ku manne saman kafin ku gama cikin barandar, domin da zarar an rufe, reza da burushi ba za su shiga ba. Ku kuma tuna da dakalin katakon nan mai ɗan gangare da ke tsakanin hanyar da shingen bakin titi, inda 'yan kasuwa ke baza haja a da. In babu shi, baranda ce kawai irin ta kowane gidan sama.

Tagogin na nan tafe. Robar gorar ruwa zan yanka, in ja mata layukan dalmar da ke riƙe ƙananan gilasai da baƙin biro. Yawancin abin da ake gani a tagogin aikin gyaran mai zanen gine-gine Thomas Lockwood ne na wajejen 1899, don haka hoton da ka dogara da shi, na kafin gyara ko na bayansa, shi zai yanke maka irin gidan da za ka fitar. Ni na yau nake bi, har da allunan shaguna.

Sassaƙar fuskar ce ta tsaya min a rai. Akwai dabbobi, akwai tambarin ƙafafu uku na tsibirin Man, inda Lloyd ya yi bishop kafin Chester, akwai kuma labaran Baibul irin na Adamu da Hauwa'u. Siffar annabawa dai ba zan zana ba. Waɗannan gurabe zan bar su da ɗan zanen ganye, sauran kuwa in matsa su a busasshen sabulu da bakin allura.

Sai maganar fenti. Baƙin katako ƙirin da farin bango fat ɗin nan da aka san gidajen Chester da shi, mutanen ƙarni na 19 ne suka yawaita shi. Zan sirka baƙin da ruwan ƙasa kaɗan don katakon ya nuna shekarunsa. Wanda ya taɓa gwada fentin ruwa a kan sabulu, ya faɗa min ko yana kamawa kafin in sayi na mai.