Yadda Na Kama Wa Mma Maigidanta

Ranar sunan ɗan Yayana, mu muna Nima a Accra, jaririn yana Bronx a New York. A wannan lokacin na shekara awa huɗu ke tsakaninmu da New York, don haka sai bayan la'asar suka kira. Na ɗora tsohuwar kwamfutata, wadda na saya a unguwar Circle ta Accra, a kan benci a tsakar gida, mata suka kewaye ta kamar ana rabon goro.

Sunan marigayi Baba aka mayar wa yaron, shi ya sa har gobe Mma ba za ta kama sunan da bakinta ba. Maigida take ce masa. Ana ɗago shi gaban kyamara ta gyara tabarau, ta matso har numfashinta na taɓa gilashin, ta ce, "Kai, tsayar mini da shi. Kama mini shi kafin su ɗauke."

Ni kuwa da ake wa kallon masanin kwamfuta a gidan, na danna PrtSc, maɓallin ɗaukar hoton allo, sau biyar ko shida, ina ce mata, "An gama, Mma, kwantar da hankalinki." Ashe ban adana komai ba. A Windows 10 irin tawa, wannan maɓalli shi kaɗai riƙe hoton yake na ɗan lokaci, yana jiran ka liƙa shi wani wuri, kuma kowane sabon dannawa yana share na baya. Da dare na buɗe Paint na liƙa abin da ya rage. Silin ɗakinsu ne da kunnen Yaya guda. Ƙanwata ta yi dariya har da hawaye, Mma kuma ta ce ko wannan ne karatun da aka biya mini kuɗinsa.

Lahadi ta zagayo na zo da shiri. Idan ka haɗa maɓallin Windows da PrtSc, allon zai ɗan dushe kamar ƙiftawar ido, hoton kuma ya tafi kai tsaye cikin Pictures, a jakar Screenshots. Wannan ya yi aiki. Amma jariri ba ya jiran kowa. Kafin yatsana ya sauka ya yi hamma, ko ya juya, ko intanet ta ja numfashi fuskar ta koma dabbare-dabbare kamar an zuba ruwa a kan tawada. Na tara hotuna sun fi ashirin, babu na nunawa.

A nan ne na gane ina farautar tsuntsu da hannu ne. Bidiyo ai hotuna ne a jere, galibi 30 a kowace daƙiƙa, wato minti ɗaya kawai ya ƙunshi 1,800. Me zai sa in tsaya ina canke? Sai na ce wa Yaya zan naɗi minti biyu, ya faɗa wa matarsa. Ta ce a dakata ta yafa mayafi tukuna, kuma gaskiyarta. Mai jego ce a cikin ɗakinta, ba daidai ba ne a naɗe ta ba da saninta ba, ko da ƙanin miji ne ke naɗar. Na danna Windows da Alt da R, naɗi ya fara, na ƙyale Mma ta yi ta wasanta da jikan: "Maigida, ina kuɗin cefane? Ka tafi Amurka ka bar ni da yunwa?"

Bayan isha'i na buɗe bidiyon a VLC, manhajar kallon bidiyo. Ka tsayar da shi kusa da wurin da kake so, sannan ka riƙa danna E, kowace dannawa hoto ɗaya ne gaba. A nan za ka ga abin da ido ba ya gani: hotuna goma a jere duk hazo, sai kwatsam ɗaya ya fito tas, daidai lokacin da yaron ya tsaya cik kuma intanet ta sake. Na same shi ido buɗe, hannu a dunƙule kusa da kumatu, da wannan goshin na Baba da babu mai musu a kai. Shift da S, ya shiga Pictures.

Washegari na kai wa mai wanke hoto a bakin titi. Ya duba ya ce kada in wuce inci 4 da 6. Allon kwamfutata 1366 ne da 768, ɗigo miliyan ɗaya da 'yan kai, kuma abin da aka kama daga allo ba zai fi allon ba. Ko a hakan ma gefen fuskar ya ɗan yi laushi. Ya ce me ya hana su can su ɗauka da waya su turo, tunda kyamarar waya ta ninka wannan sau goma ko fiye? Wallahi sai a lokacin abin ya faɗo mini. Sati guda ina fama.

Yaya ya turo guda shida a daren, tsaf-tsaf, har gashin girar yaron ana iya ƙirgawa. Na wanke biyu, na haɗa da nawa na kai wa Mma tana tsince wake. Ta goge hannu a zani, ta duba na Yaya ta ce ma sha Allah, ta miƙa wa ƙanwata. Nawa ta riƙe. A kusurwar ƙasa akwai ɗan ƙaramin akwatin nan da mai kira ke ganin kansa, na manta ban yanke shi ba. Ga ta nan a ciki, ba ta fi kan babban yatsa ba, baki buɗe tana tambayar kuɗin cefane.

"Wannan ne muke tare," ta ce, ta soke shi a jikin firam ɗin hoton Baba na Makka.