Kunama mai kamu biyu

Asabar. Argungu ta yi zafi, wuta babu, duk mun fito tsakar gida. Inna na ɗaga tabarma sai ga kunama ta ɗaga ƙari. Auta ya gama da ita da silifa, ya ce wai wannan jaririya ce, ya zaro waya.

Hoton da ya nuna mana na Pulmonoscorpius ne, wata ƙatuwar kunama ta zamanin da, wadda aka tono ɓurɓushinta a wani ramin fasa dutse, East Kirkton, a Scotland. Ta rayu shekaru sama da miliyan 330 da suka wuce, tsawonta ya kai santimita 70. Sai da aka narkar da dutsen da asid kafin fatarta ta fito. Inna ta ce, "A'uzubillahi, kawar min da wanga abu," ta ja matashinta can gefe. Mun sha dariya.

Ta biyun da ya nuna mana ce ta tsaya min a rai. Brontoscorpio, daga Ingila, an ba ta suna a 1972. An ce ta kusa santimita 90, kamu biyu ke nan. Amma abin da aka samu nata duka-duka yatsa guda ne na hannun da take damƙa da shi, kusan santimita 10. Daga nan aka lissafa sauran jikin. Na ce wannan ai shaci-faɗi ne.

Kawu, da na ɗauka barci yake, ya ce, "Ke, ɗiyata, kawo min ƙafar rago guda in gaya miki kilo nawa namanshi zai yi." Na ce, "Kawu, ai kai ka yanka dubu, su masu binciken ko guda ba su taɓa gani da rai ba." Ya ce sun ga jikokinta. Na ce in kuma mai ƙaton hannu ce da ƙaramin jiki fa? Kunamun yanzu ma ai hannunsu ba ɗaya ba ne, baƙar nan ta daji nata kauri gare shi, ta cikin gida siriri. Ya yi shiru, sannan ya ce in bar shi ya yi barci. Ban san wa ya ci ba, kuma ya dame ni fiye da kima. Dabba guda ta yi zamaninta, duk abin da ya rage yatsa ne, mu kuma muna musu a kanta.

Tuwon shinkafa ya yi ruwa yau. Tela bai gama ɗinkin ba, wai Talata.