Hanyar da muka share a bayan azuzuwa

Abin ya faro ne ranar da na tambayi 'yan aji biyar ko wa ya taɓa ganin bishiyar kuka. Hannu bai fi goma ba ya tashi, alhali rabinsu da miyar kuka suka kwana. A zangon nan kuɗin motar zuwa Gidan Zu na Audu Bako bai taru ba, sai na roƙi hedimasta ya bar mana filin da ke tsakanin azuzuwa da katanga, inda ba a zuwa sai zubar da shara.

Farkon watan Yuni, bayan ruwan shuka ya sauka, muka tsince leda, muka jera duwatsu hagu da dama, hanya siririya ta fita. Na ɗauka darbejiya kawai za mu samu. Ashe akwai magarya, da bagaruwa wadda majeman cikin birni ke jima da 'ya'yanta, da wani gawo a kusurwa. A ƙasa kuwa tafasa ce da rai-ɗore da tsidau. Yawancin sunayen nan ba daga littafina suka fito ba. Baba maigadi ne ya riƙa binmu da sandarsa yana nunawa. Shi ya murza ganyen rai-ɗore ya ba yara su shinshina, don su daina rikita shi da tafasar da ake kwaɗo da ita.

Kuskurena na farko a kan tumfafiya ne. Ban gargaɗe su ba, wani yaro ya karya ganye, nonon ya taɓa masa yatsa, ya kai hannu ido. Mun yi ta wanke idon da ruwa kafin a kai shi asibiti, Allah ya taƙaita. Na so a sare ta, Baba ya ce, "Malama, ki duba ƙarƙashin ganyen tukuna." Tsutsotsi ne masu zanen baƙi da fari da rawaya suna ci hankali kwance. Dafin da suke tarawa a jiki shi ke hana tsuntsaye cin su, har bayan sun zama malam-buɗe-littafi mai ruwan goro. Muka bar ta, muka kafa doka: a duba da ido, ba a karyawa, ba a ɗaga dutse da hannu saboda kunama.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne jifa. Yaron Kano in ya ga jan gwada yana gyaɗa kai a kan katanga, hannunsa ya riga ya kai ga dutse. Kulɓa kuwa sun rantse dafinta na kisa, ko da yake ba ta da dafi ko kaɗan. Faɗa bai yi aiki ba. Abin da ya yi aiki shi ne na ba manyan majefan littafin ƙirge, kowa da dabbarsa: nawa ka gani yau, me take ci, ƙarfe nawa take fitowa shan hantsi. Wanda ya kwana biyar yana kallon ƙadangare na lasar tururuwa, shi ke hana na baya jifa. Da muka tsinci bushiya ta dunƙule a gindin magarya, su suka yi mata zobe har ta warware ta shige ciyawa.

A watan Agusta komai ya yi kore shar, gawo kaɗai ya tsaya tsirara. Yara suka rubuta a littafi cewa ya mutu. Baba ya yi dariya ya ce gawo ba ya shiri da damina, a jira kaka. Da hunturu ya fara busawa, tafasa ta bushe ƙurmus, sai wata yarinya ta shigo ofishin malamai da gudu, ko sallama ba ta yi ba, tana cewa, "Malama, ki zo, gawonmu ya yi ganye!"